Keken Lantarki: Ina Iyakar Keke, Ina Farkon Babur?

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar 2023, hankalin jama'a da dama ya koma kan ababen hawan da ba sa shan mai. Daga cikinsu har da keken lantarki, wato keke mai batir da ɗan ƙaramin inji da aka ɗaura a cibiyar ƙafa ko a gindin feda. Idanu na ganin keke, amma wani lokaci gudunsa na babur ne. To, da wane suna za a kira shi? Wannan tambaya ba ta wasa ba ce ga mutumin Kano. A watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin jiha ta hana sana'ar acaba a cikin birnin. Dokar ta kama babur, ba ta taɓa keke ba. Wato ke nan sunan da aka ba abin hawa shi ne ke nuna dokar da za ta hau kansa.

Ƙasashen da suka riga mu fama da wannan matsala sun fi dogara ne kan abubuwa uku: ƙarfin injin, wanda ake aunawa da wat, yadda ake kunna shi, da feda ko da totur, sai kuma gudun da injin zai daina taimako idan an kai shi. A ƙasashen Tarayyar Turai, keken lantarki na nan a matsayin keke muddin injinsa bai wuce wat 250 ba, ba ya jan keken sai ana tuƙa feda, kuma yana yanke wuta da zarar an kai kilomita 25 cikin awa. Wanda ke kaiwa kilomita 45 ya fita daga sahun kekuna, ya shiga na ƙananan babura, inda galibi ake neman lamba da inshora da hular kwano. Ƙasar Sin ma kilomita 25 ta tsayar a ƙa'idar da ta fara aiki a 2019, tare da inji mai wat 400. Amurkawa kuwa aji uku suka yi, tsarin da jihar Kalifoniya ta amince da shi a 2015 wasu jihohi suka bi sahu: aji na ɗaya mai feda, kilomita 32, na biyu mai totur, shi ma kilomita 32, na uku mai feda, kilomita 45.

Mai karatu na iya cewa, tsakanin 25 da 45 ai ratar ba ta kai ninki biyu ba, me ya kawo wannan tsanani? Amsar tana cikin darasin Fiziks na babbar sakandare. Duk abin da ke tafiya yana ɗauke da ƙarfin motsi, kuma ana samunsa ne ta hanyar ninka gudu da kansa, a ninka da nauyi, sannan a raba biyu. Bari mu ɗauki misali. A ce keke da mahayinsa sun kai kilo 100. Kilomita 25 cikin awa daidai yake da kusan mita 7 cikin daƙiƙa, ƙarfin motsinsa kuwa wajen jul 2,400. A kilomita 45, wato mita 12.5 cikin daƙiƙa, lissafin ya haura jul 7,800. Gudu bai ninka sau biyu ba, amma ƙarfin da za a sauke wa wanda aka banke ya ninka fiye da sau uku. In ana so a ji abin a jika, karo da bango a kilomita 25 tamkar faɗowa ne daga tsayin mita 2.5, misalin katangar gida. A kilomita 45 kuwa tamkar daga mita 8 ne, sama da rufin bene.

Haka abin yake wajen tsayawa. Mu ƙaddara mahayi yana ɗaukar daƙiƙa guda tsakanin ganin haɗari da kama birki, birkin kuma yana rage mita 5 cikin daƙiƙa daga gudunsa a kowace daƙiƙa. Mai kilomita 25 zai tsaya bayan kusan mita 12. Mai kilomita 45 sai ya ci kusan mita 28. Malamai na iya ba ɗalibai wannan a matsayin aikin gida, su sauya nauyin, su ga cewa gudu ya fi nauyi ɓarna.

Yanzu sai mu ɗauki waɗannan alƙaluma mu shiga cikin badala. Ƙa'idar hanya ta Nijeriya, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke kula da ita, ta sa kilomita 50 cikin awa a matsayin iyaka a cikin gari. Wannan adadi an yi shi ne da titi a zuciya, irin wanda ya taso daga Ƙofar Mata ko Ƙofar Nasarawa. Amma lungunan da ke kewaye da Kasuwar Kurmi, da na Dala da Mandawari, an tsara su ne tun zamanin jaki da mai ƙafa. Suna lanƙwasa, kwata na bin tsakiyarsu ko gefensu, ƙofar zaure kuma kai tsaye take buɗewa cikin hanya. A lungun da ido ba ya hangen abin da ya wuce mita 10, ko kilomita 25 ɗin Turawa ya yi yawa, domin yaron da ya fito a guje yana cikin tazarar da birki bai gama aiki ba. Ga kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba: babur yana sanar da zuwansa da ƙara, keken lantarki kuwa shiru yake zuwa, ba ruwansa da tsohuwar da ta saba kauce wa abin hawa da kunne.

A ganinmu, hukuma irin su KAROTA za ta fi samun sauƙin aiki idan ta dubi gudun inji maimakon siffar abin hawa, tunda ana iya sa wa babur feda don ado. Mai saye kuma ya dubi abin da aka rubuta a jikin injin da batirin, ya tambayi mai sayarwa a wane gudu wutar ke yankewa, ya kuma ƙi amincewa idan makaniki ya ce zai cire masa na'urar da ke taƙaita gudun. Birki da tayar da aka ƙera domin kilomita 25 ba sa ƙara ƙarfi don an sake wa injin mara.