Yadda Ɗan Kasuwa Zai Zaɓi Manhajar Kulle Bayanai A Kwamfuta

Ɗan kasuwar da ke ajiye lissafin kuɗi, sunayen masu bashi da takardun kwangila a cikin kwamfuta yana iya rasa sirrinsa duk ranar da aka sace na'urar ko aka kai ta wurin gyara. Kalmar sirrin da ake bugawa wajen kunna na'ura ba ta hana a cire faifan ajiyarta a karanta shi a wata kwamfutar. Maganin haka shi ne manhajar da ke rikita rubutu, ta yadda ba mai iya karanta shi sai mai riƙe da mabuɗi.

Abu na farko da ya kamata mai saye ya duba shi ne irin tsarin kullewar. Tsohon tsarin DES, wanda gwamnatin Amurka ta amince da shi a 1977, an fasa shi a 1998 cikin sa'o'i 56. A 2001 ne aka maye gurbinsa da tsarin AES, wanda wasu masana biyu 'yan ƙasar Beljiyam suka ƙirƙiro, kuma shi ne ya kamata a nema a kowace manhaja.

Na biyu shi ne irin buƙata. Mai son kulle faifai ɗungurungum yana da BitLocker a cikin Windows samfurin Pro, ko FileVault a kwamfutocin Apple. Mai aika wa abokin ciniki takarda ɗaya kuwa, manhajar 7-Zip, wadda kyauta ce, ta ishe shi, muddin zai sanar da kalmar sirrin ta wata hanya dabam da wadda ya aika takardar.

Har ila yau, a tabbata masu manhajar suna ci gaba da gyara ta. A watan Mayu na 2014 masu TrueCrypt suka daina kula da ita, abin da ya sa jama'a da dama suka koma VeraCrypt, wadda aka gina a kanta.

Sai dai duk ingancin manhaja, dogaronta yana kan mabuɗi. Kalmar sirri gajera, kamar sunan ɗa ko lambar waya, ba ta da wuyar ganowa. Wanda kuma ya manta tasa, bayanansa sun salwanta ke nan. Saboda haka BitLocker yake ba da mabuɗin ceto mai lambobi 48, wanda ya kamata a rubuta a takarda a adana shi tare da muhimman takardun kamfani.

A Nijeriya, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta wajabta wa kamfanonin da ke riƙe da bayanan abokan cinikinsu su ɗauki matakan tsare su, kuma kulle bayanai yana daga cikin matakan da dokar ta ambata.