In an biya ka kuɗin talla, faɗa wa jama'a

Matashin Kibiya ko Rano da ke yaba wani sabulu ko maganin gargajiya a TikTok ko Facebook, alhali an biya shi, ko yana cin la'ada a kan duk wanda ya saya ta hannunsa, talla yake yi. Haƙƙin masu kallo ne su san haka.

A Najeriya, hukumar kula da tallace-tallace, ARCON, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin APCON, ta wajabta a tantance talla kafin a fitar da ita, har da ta intanet. Dokar kare haƙƙin masu saye (FCCPA) ta 2018 kuma ta haramta yaudarar mai saye. In magani ne, sai da amincewar NAFDAC.

A Amurka, hukumar kula da kasuwar hannun jari, SEC, ta sa tauraruwa Kim Kardashian biyan dala miliyan 1.26 a 2022, saboda ta ɓoye cewa an ba ta dala 250,000 ta tallata kuɗin kirifto.

Don haka, rubuta "talla ce" tun daga farko, ko ka furta da baki. Kayan da aka ba ka kyauta ma biya ne, ka bayyana.