Uwargida, Kin San Abin Da Ke Juya Ƙafar Baya?

Na san wata za ta ce yau Malama ta bar mana girki da reno ta koma gareji. Ki yi haƙuri ki ji dalili.

A daminar da ta wuce, naƙuda ta yi wa wata maƙwabciyarmu tsanani a ƙauyensu, can bayan Jangebe, inda ta je goyon ciki. Ni da yayarta muka bi wata tsohuwar Land Rover ta wani dattijo muka ɗauko ta, za mu asibitin Talata Mafara. Muna cikin laka sai muka ji ƙas! daga ƙarƙashinmu. Inji yana kuka, mota ba ta motsi. Ga la'asar ta yi sanyi, kuma kin sani, tun abin da ya sami 'yan matanmu na sakandare a watan Fabrairu na 2021, ba mai son dare ya riske shi a dajin nan. Direba ya leƙa ya ce, "Malama, shaf ne ya karye, amma in Allah ya so za mu je." Ya danna wani maɓalli rawaya kusa da giya, sai ƙafafun gaba suka kama ja. Da su kaɗai muka lallaɓa har asibiti, aka sami ɗiya mace.

Bayan kwana uku sai ga uwargidan mai motar tana neman a ba ta kwasar adashi kafin ranarta, wai za a gyara bak-aksil. Na tambaye ta mene ne shi, ta ce oho, Malam dai ya ce a kawo. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Mu ake ɗauka a motocin nan ranar wuya, kuma sau da yawa daga ɗakinmu kuɗin gyaransu ke fita, ko akuya ko adashi.

To, bak-aksil shi ne dogon ƙarfen da ya ratsa ƙarƙashin mota daga ƙafar baya ta dama zuwa ta hagu. A tsakiyarsa akwai wani ƙululu kamar tulu, cike da ƙarafa masu haƙora suna wanka cikin man giya. Daga tulun nan sanduna biyu suka fita, kowace tana juya ƙafa ɗaya. Su ne shaf. 'Yan makaranta, ku tuna in kuna maci kuka zo kwana, ta gefen waje sai ta buɗe taki, ta ciki ta rage. Aikin tulun ke nan, ya bar kowace ƙafa ta yi gudun da ya dace da ita. Illarsa, in sanda ɗaya ta karye, duk ƙarfin sai ya zurare ta wajen karyayyar, mai lafiyar ma ta tsaya.

Ita Land Rover tun 1948 aka fara ƙera ta a Ingila, samfurin da muka shiga kuwa an yi shi ne daga 1971 zuwa 1985. Gajerarta, mai inci 88, an san ta da karya shaf, domin siriri ne, tsagarsa goma kacal. Doguwar, mai inci 109, an sa mata aksil mai ƙarfi da ake kira Salisbury, mai tsaga 24. Kyawunsu duka, nauyin mota ba a kan shaf yake ba, saboda haka ko ya karye ƙafa ba ta fita.

In maigida ya zo da maganar gyara, ki tambaye shi cikin ladabi, shaf kaɗai ne ko har haƙoran tulu? Tazarar kuɗinsu ba kaɗan ba ce. In shaf ne, sai an ciro guntun da ya maƙale ciki, a zubar da man, a wanke tulun tas. Makanikin da ya zura sabon shaf ya bar ɓarɓashin ƙarfe ciki, kamar mace ce ta zuba tsaki ba ta rege tsakuwa ba, haƙora ne za su biya.

In kuwa za a sayo aksil ɗungum na hannu, nan ne ake yin asara babba. Dole lissafin haƙoransa ya yi daidai da na gaba. Na tsohuwar Land Rover, farfela tana juyawa sau 4.7 kafin ƙafa ta juya sau ɗaya. Na Range Rover sau 3.54 ne, ga shi tulun nata yana shiga mazaunin tsaf, har mai sayarwa ya rantse ɗaya ne. A kan kwalta ba za a ji komai ba. Ranar da aka danna maɓalli rawaya, gaba da baya sai su yi ta jayayya har wani abu ya fashe, watau ranar da aka fi bukatarta.

Saura abin da ke da kanki za ki iya gani, ko kina shara. In kika ga baƙin mai yana malala ta cikin ƙafar baya, ki faɗa, domin yana jiƙa birki ya hana shi kamawa. Sau da yawa wata 'yar ƙofar iska ce a saman aksil laka ta toshe, man ya rasa hanya ya ture roba. In kuma motar ta ratsa ruwa mai zurfi, irin na fadamun Bakura da Maradun, a buɗe a duba man. In ya koma fari-fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga, a sake shi, lamba 90 ake sa wa.

Ita uwargidan nan ta koma ta yi tambayar. Ashe shaf ɗaya ne da mai, haƙora lafiya lau. Rabin kwasar ya isa, sauran ta sayi tunkiya. Ranar sunan jaririyar ma a motar muka tafi.