Gobarar Daji da Rashin da Ba a Yi wa Ta'aziyya

A ƙasashen da ruwa ke kwanciya shekara da shekaru akwai wani irin dausayi mai baƙar ƙasa, wadda asalinta ganyaye ne da saiwoyi da suka mutu suka taru a ƙarƙashin ruwa, suka kasa gama ruɓewa saboda iska ba ta kaiwa gare su. Kaurin wannan ƙasa kan ƙaru da kimanin milimita 1 a shekara, ke nan zurfin mita guda aikin shekara 1,000 ne. Faɗinta bai wuce kashi 3 cikin 100 na sandararriyar ƙasar duniya ba, amma kabon da ta ɓoye, wato sinadarin da kan koma iska mai ɗumama duniya idan ya ƙone, ya fi wanda ke jikin itatuwan dukkan dazuzzuka. Da zarar an janye mata ruwa ta bushe, wuta kan nutsa cikinta ta yi ta ci ta ƙarƙashi har tsawon watanni, kamar yadda aka gani a Indonesiya a 2015, inda kimanin hekta miliyan 2.6 suka ƙone.

Ƙasar Katsina ba ta tara irin wannan ƙasa, domin zafi da tsawon rani kan ruɓar da ganye tun kafin ya taru. Abin da mutanen Dutsin-Ma da Kurfi suke da shi a madadinta shi ne fadamun kogin Karaduwa, wanda aka datse aka yi madatsar ruwa ta Zobe a 1983, sai kuma dajin Rugu da ke yamma da su ta wajen Safana da Batsari, wanda ya miƙe har cikin Zamfara.

Wutar da ke cin waɗannan wurare kusan kullum hannun mutum ne ke kunna ta: mafarauci mai neman fito da gafiya ko zomo, mai ɗiban zuma da ya yar da bakin wuta, makiyayi mai son ciyawa ta yi toho, ko manomi mai sharar gona da iskar hunturu ta ƙwace masa wutar. Malaman daji suna bambanta wutar farkon rani da ta ƙarshensa. Ta farko kan bi ciyawa mai sauran ɗanyantaka ta wuce da sauri, ta biyun kuwa, wadda kan tashi bayan komai ya bushe ƙayau, ita ce mai ɓarna, domin kuka da kaɗanya da sauran manyan itatuwa masu kaurin ɓawo sukan tsira, amma 'yan tsiron da ba su kai gwiwa ba sukan mutu, tare da irin da ke kwance a ƙasa. Idan hakan ya maimaitu shekara bayan shekara, sai a wayi gari da daji mai tsofaffi zalla, wanda mai wucewa a mota zai ɗauka lafiya lau yake, alhali babu magaji ko ɗaya a gindin itatuwansa.

Wannan ne ya sa jimamin rashin daji kan zo a makare, kuma ba ya zuwa da sunansa. Ba a zaman makoki don daji, ba wanda ke zuwa gaisuwa. Sai dai a ji dattijo yana lissafa inda a da ake yanko gamba ta zana da shuci na jinka, ko tsohuwa tana cewa kalwa ta yi tsada tun da ɗorawa ta ƙaura, kuma kuskure ne a ɗauki irin wannan magana a matsayin kukan tsadar rayuwa kawai, domin wurin da aka yi kiwo a yarinta, aka san kowace kanya da tsamiya a cikinsa, yana da matsayi irin na dangi.

Rugu kuwa an yi rashinsa sau biyu, tun da bayan wuta da gatarin masu gawayi, matsalar 'yan bindiga ta hana masu shi shiga su ga abin da ya rage. Ita ce kuma ta tsayar da aikin da ya fi kowane sauƙi wajen tare gobara, wato share layi mai faɗi a gefen daji bayan kaka, ta yadda wuta za ta rasa abin ci idan ta iso. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana koyar da ilmin gandun daji, sai dai dajin da ya fi cancanta ɗalibanta su auna ba ya shiguwa gare su.