Yadda Ake Gano Matsalar Haɗa Kwamfutar Tafi-da-gidanka da Intanet

A yau ayyukan hukuma da dama ba sa kammaluwa sai ta intanet. Ma'aikacin ƙaramin asibiti a Nahuce yana aika rahoton wata ta kwamfuta, shugaban makaranta a Tsafe yana yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa, haka kuma akawu a sakatariyar ƙaramar hukumar Bunguɗu yana tura takardu zuwa Gusau. Idan hanyar ta tsinke a ranar da wa'adi zai cika, sau da yawa akan biya kuɗin mota a tafi Gusau neman mai gyara, alhali matsalar ba ta wuce aikin minti biyar ba. Wannan bayani zai taimaka wa jama'a da ma'aikata su gano inda matsala take kafin su kashe kuɗi.

Sarƙa mai gaɓa uku

A yawancin ƙauyukanmu, intanet yana biyo gaɓa uku kafin ya iso kan teburin ma'aikaci. Ta farko ita ce turken sadarwa na kamfani, kamar MTN, Airtel ko Glo. Ta biyu ita ce na'urar da ke karɓar sabis daga turken ta rarraba shi ba tare da waya ba, wato ƙaramar na'urar MiFi ko wayar salular da aka kunna wa hotspot. Ta uku ita ce kwamfutar kanta, wadda ke kama wannan na'ura ta Wi-Fi. Duk gaɓar da ta yanke, aiki ya tsaya.

Domin haka abu na farko shi ne gwaji. A ɗauki wata wayar daban a haɗa ta da na'urar, a buɗe kowane shafi. Idan ya buɗe, laifin na kwamfuta ne. Idan bai buɗe ba, a bar kwamfuta ta huta, a koma kan na'urar, ko layin, ko turken.

Idan laifin na kwamfuta ne

Da farko a duba ƙasan allo ta hannun dama. Idan an ga hoton jirgin sama, an rufe duk hanyoyin sadarwar kwamfutar marasa amfani da waya ke nan, sai a danna a kashe shi. Kwamfutoci da yawa suna da maɓallin kunna Wi-Fi a jerin F1 zuwa F12, wanda ake dannawa tare da Fn. Tsofaffin ƙira kuma suna da ɗan makunni a gefe. Yaro ko gogar jaka na iya kashe shi ba a sani ba.

Idan Wi-Fi a kunne yake amma sunan na'urar bai fito ba, a matso da ita kusa. Katangar ƙasa mai kauri da ƙofar ƙarfe suna raunana sigina ƙwarai. Bugu da ƙari, Wi-Fi na tafiya ne a kan zango biyu da aka fi sani, 2.4 da 5 gigahaz. Tsofaffin kwamfutoci 'yan gwanjo da yawa na farkon kaɗai suke gani, saboda haka sai a shiga saitin hotspot na wayar a mayar da shi 2.4, wanda ma ya fi ratsa bango.

Idan sunan ya fito amma kwamfuta ta ƙi shiga, galibi kalmar sirri ce. Babban harafi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wurinta. In kuwa an taɓa sauya kalmar, kwamfuta na iya riƙe da tsohuwar. A danna sunan na'urar da maɓallin dama na linzami, a zaɓi wurin da aka rubuta Forget, sannan a shigar da sabuwar a natse.

Har ila yau a duba kwanan wata da agogon kwamfutar. Idan ɗan batirin da ke cikinta ya mutu, takan koma shekarun baya, shafukan banki da na hukuma kuwa za su ƙi buɗewa ko da akwai sabis. Gyara kwanan watan yana warware matsalar nan take, sauya batirin kuma ba shi da tsada.

Idan duk wannan bai yi ba, a kashe kwamfutar a sake kunnawa. Matakin ƙarshe shi ne Network reset da ke cikin saitin Windows, amma a sani cewa zai goge duk kalmomin sirrin Wi-Fi da ta adana.

Idan laifin na na'ura ko layi ne

Kwamfuta kan nuna ta haɗu da na'ura amma babu intanet. Mafi yawan lokuta data ce ta ƙare. Tun shekarar 2023 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta daidaita lambobin kamfanoni: *323# don duba ragowar data, *312# don saye, *310# don duba kuɗi, 300 kuma don kiran ofishin kamfanin. Ya kamata a lura cewa Windows na sabunta kanta a ɓoye, tana cinye data mai yawa. Kunna Metered connection a saitin Wi-Fi yana rage wannan asara.

Na biyu, layin da ke cikin MiFi ma sai an haɗa shi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Wa'adin ƙarshe na haɗawar ya cika ranar 14 ga Satumba, 2024, kuma an rufe layukan da ba a haɗa ba. Layin ofis da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, a fara tabbatar da cewa yana raye.

Na uku, na'urar na da iyakar mutanen da za ta ɗauka. Idan kalmar sirri ta yaɗu a unguwa, aikin ofis zai yi tafiyar hawainiya. A sauya ta. A lokacin bazara kuma zafi na sa MiFi ta riƙa yankewa. A ajiye ta a inuwa kusa da taga, a wuri mai tudu, ba a kan inji ko a rana ba.

Idan laifin na turke ne

Idan wayoyin maƙwabta masu layi iri ɗaya duk babu sabis, babu abin da za a taɓa a kwamfuta da zai yi amfani. Turke na iya tsayawa saboda rashin man janareto, yankewar wayar ƙarƙashin ƙasa yayin aikin hanya, ko iska da ruwan damina. Duwatsu irin na Kwatarkwashi da Tsafe su ma suna tare sigina ga ƙauyukan da ke bayansu.

Jama'ar jiha ba za su manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da NCC ta umarci kamfanoni su rufe sabis a faɗin Zamfara bisa buƙatar gwamnatin jiha saboda dalilan tsaro. An maido da shi a Gusau ranar 1 ga Oktoba, sauran sassa kuwa sai daga baya. Darasin wancan lokaci shi ne kada ofis ya ajiye aikinsa a intanet kaɗai. A riƙa shirya rahoto a kwamfuta, a adana kwafi a filasha da kuma a takarda, a aika shi kwana biyu ko uku kafin wa'adi. Yana da kyau kowane ofis ya mallaki layukan kamfanoni biyu, domin in ɗaya ya ɗauke a koma kan ɗayan.

Wanda ya kai ƙorafi ga kamfani bai samu biyan buƙata ba, yana iya kiran NCC kyauta a 622, tare da lambar ƙorafin da kamfanin ya ba shi.

Lokacin zuwa wurin mai gyara

Idan alamar Wi-Fi ta ɓace gaba ɗaya daga kwamfuta, ko bayan an sake kunna ta, mai yiwuwa manhajar da ke tafiyar da katin Wi-Fi ce ta lalace, ko katin kansa. Kafin a samu mai gyara, ana iya jona wayar salula da kwamfutar ta wayar caji mai ɗaukar bayanai, a kunna USB tethering, aiki ya ci gaba. Ana kira ga ma'aikata da su kwashe takardun hukuma, musamman bayanan majiyyata da na albashi, kafin su miƙa kwamfuta ga mai gyara, kuma su sanar da shugaban sashensu a rubuce.