Kiwon kaji a gida: yadda ake kula da kaza mai kwanci da hana faɗa a akurki

A unguwanni da dama na birnin Yamai, daga Talaje zuwa Lazare, Bukoki da Harobanda, da wuya a shiga gida mai ɗan fili ba a tarar da kaji suna tono a tsakar gida ba. Sau da yawa ba kaji kaɗai ba ne. Akwai zabi biyu ko uku da aka kawo daga ƙauye, da agwagwa a kusa da wurin wanke-wanke, da tantabaru a saman ɗaki, wani lokaci har da talo-talo da ake tanadi domin bukukuwan ƙarshen shekara. Ga mata da yawa wannan ɗan garke shi ne asusu: in yaro ya kwanta rashin lafiya ko lakkwal ta buƙaci kuɗin littattafai, sai a kama zakara a kai kasuwa.

Sai dai abubuwa biyu na yawan cinye wannan jari ba tare da mai shi ya lura ba. Na farko kwancin da ya lalace, a wayi gari ƙwai goma sha biyu sun koma baragurbi. Na biyu kuma faɗa, inda manyan tsuntsaye ke sarar ƙanana har su hana su ci, ko su kashe ƴan tsaki. Matsalolin biyu suna da alaƙa, kuma galibin maganinsu bai wuce gyaran wuri da sa ido ba.

Mene ne kwanci?

Kwanci ba cuta ba ne. Idan kaza ta tara ƙwai, wani sinadari mai suna furolaktin yana ƙaruwa a jikinta, sai ta daina saka, ta zauna a gurbi dare da rana. Alamomin a bayyane suke: tana kumbura gashi in an matso, tana wani irin gurnani, tana sarar hannun da ya taɓa ta, gashin ƙirjinta kuma yana zubewa domin fatarta ta riƙa taɓa ƙwai kai tsaye. Takan sauka sau ɗaya a yini, na ƴan mintuna, ta ci, ta sha, ta yi kashi mai yawa, ta koma.

Kajin gida, irin su durgu mai gajerun ƙafafu ko Kolonto ta yankin Gaya, sun riƙe wannan ɗabi'a. Kaza takan saka ƙwai 10 zuwa 15, ta yi kwanci mako uku, sannan ta shafe kimanin wata biyu tana yawo da ƴaƴanta. Shi ya sa ba ta wuce zagaye uku ko huɗu a shekara, ƙwan da take bayarwa kuma bai cika haura 60 ba. Kajin gona masu jan gashi, waɗanda ke iya kai wa kusan ƙwai 300 a shekara, an tace irinsu ne har ɗabi'ar kwanci ta kusa ɓacewa. Wanda ya sayo irin waɗannan yana jiran su ƙyanƙyashe masa, zai daɗe yana jira.

Saboda haka kaza mai kwanci na'urar ƙyanƙyasa ce da ba ta buƙatar wutar NIGELEC. Na'urar lantarki tana son zafin da bai yi nisa da digiri 37 da rabi ba na tsawon kwana 21, kuma ɗaukewar wuta ta dogon lokaci tana iya lalata duk abin da ke ciki. Kaza tana riƙe wannan zafi da jikinta, tana kuma juya ƙwan da kanta.

Kowane ƙwai da kwanakinsa

A garken da ya haɗa tsuntsaye iri-iri, kuskuren farko shi ne zuba wa kaza ɗaya ƙwai daban-daban a rana ɗaya. Ƙwan kaza yana ƙyanƙyashewa a kwana 21. Na zabuwa yana ɗaukar kwana 26 zuwa 28, na talo-talo kwana 28. Agwagwar gida mai jan fuska, wadda aka fi gani a Nijar, ƙwanta sai ya kai kwana 35. Kaza kuwa, da zarar ƴan tsakin farko sun fito, ba ta wuce kwana ɗaya ko biyu za ta tashi da su ta bar sauran su huce.

Wannan lissafi ya fi muhimmanci da damana, lokacin da zabi ke saka ƙwai kuma ake ganinsa a kwanuka a Katako, Wadata da bakin manyan hanyoyi. Zabuwa ba ta iya reno ba: takan ɓoye gurbinta a ciyawa, in ta ƙyanƙyashe kuma ta ja ƴaƴan cikin raɓa su mutu. Shi ya sa makiyaya a faɗin Sahel suka daɗe suna ba kaza ƙwan zabi ta kwanta musu. Dabarar tana aiki, amma in ana son a haɗa da ƙwan kaza, sai a fara sa na zabi, a jira kwana shida ko bakwai, sannan a ƙara na kazar. Ƙwan agwagwa kuwa gara a bar wa uwarsa, domin mako biyar ya yi wa ƙaramar kaza yawa.

Ƙwan da za a sa ya zama bai wuce mako ɗaya da sakawa ba, ba mai tsaga ba, ba kuma wanda aka wanke ba. A zafin Yamai ƙwai yana saurin lalacewa, don haka a ajiye shi cikin tukunyar ƙasa a kan rairayi mai damshi, a ɗaki mafi sanyi. Ƙwan da ya wuni a rana a bakin hanya na ci ne kawai. Adadi kuma ya dace da girman kazar: 8 zuwa 12 na kaza, ko ɗan fiye da haka in na zabi ne tunda sun fi ƙanƙanta. Duk ƙwan da ke leƙowa daga ƙarƙashin fiffike, ya yi yawa.

A ware mata wuri

Mafi yawan kwancin da ke lalacewa a gidajen birni, cunkoso ne ke lalata shi. Sauran kaji suna son saka ƙwai a gurbin da suka ga ƙwai a ciki, sai su haye kan mai kwanci, a yi ta kokawa, wasu ƙwan su fashe, sababbi su gauraya da tsofaffi. Maganin shi ne a yi wa kowane ƙwai alama da fensir ko gawayi a ranar farko, a riƙa cire duk wanda ba shi da alama, sannan a ware kazar.

Fasasshiyar randa, kwando ko tsohuwar taya sun isa gurbi, muddin an zuba rairayi a ƙasa da busasshiyar ciyawa a sama. A sauya mata wuri da dare, ba da rana ba, in ba haka ba za ta koma tsohon gurbi. Abinci da ruwa su kasance kusa da ita amma ba a cikin gurbin ba, domin ta tashi ta miƙe ƙafa.

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, akurkin kwano yana iya kashe kaza a kan ƙwanta, domin ba za ta tashi ba ko tana haki. Inuwar bishiya ko rumfar zana mai shan iska ta fi. Iskar bazara busasshiya ce ƙwarai, kuma ɗan tsako yakan maƙale a ɓawo in danshi ya yi ƙaranci. Ɗan yayyafa ruwa a rairayin da ke ƙarƙashin gurbi yana taimakawa. A kuma duba ƙuma da kaskar kaji, waɗanda ke ɓuya a tsagar bango su fito shan jini da dare. Su ne ke sa kaza ta gudu ta bar ƙwai a mako na biyu. Wurin birgima mai toka da rairayi yana rage su.

Tsakanin kwana na 7 da na 10, a haska kowane ƙwai da fitilar waya a cikin duhu. Mai rai zai nuna jijiyoyi ja kamar saƙar gizo. Wanda ya fito fayau a cire shi kafin ya ruɓe ya fashe.

Idan ba a son kwancin

Wani lokaci babu zakara a gidan, ko kuma ƙwai ake so ba ƴan tsaki ba. Barin kaza ta zauna a gurbi marar amfani asara ce: tana ramewa, ba ta saka. Akwai masu tsoma ta a ruwa, masu ɗaure ta a rana, har da masu soka mata gashi a hanci. Duk wannan azaba ce, kuma tana iya jawo mata ciwo. Hanya mai sauƙi ita ce a kwashe ƙwan, a sa ta a kejin raga da aka ɗaga daga ƙasa, a inuwa mai haske, ba tare da shimfiɗa ba, da abinci da ruwa wadatacce. Iskar da ke bi ta ƙarƙashinta tana sanyaya ƙirjin, kuma cikin kwana uku zuwa biyar yawanci takan daina. In an sake ta ta koma gurbi, a ƙara mata kwana biyu.

Faɗa: wanne ne na al'ada, wanne ne hatsari?

Tun farkon shekarun 1920 wani masani ɗan ƙasar Norwe, Thorleif Schjelderup-Ebbe, ya bayyana cewa kaji suna da tsarin girma a tsakaninsu: kowace ta san wadda za ta sara da wadda za ta kauce wa. Ɗan sara a bakin kwanon abinci, ƙaramar ta matsa, shi ke nan, wannan ba abin damuwa ba ne. Hatsarin yana farawa ne idan an ga kaza ɗaya tana rakuɓewa a lungu duk yini, ko bayanta ya fige, ko jini a kai ko a dubura. Jan jini yana jan hankalin kaji, kuma da sun gani sukan taru a kan mai raunin har su kashe ta.

Kowane irin tsuntsu da tasa fitinar. Mazan zabi suna yin zafi da damana, su haɗu su yi ta korar zakara. Namijin agwagwa da ba shi da mata yakan haye kaji ya ji musu ciwo. Agwagi suna dagula ruwan sha, ƴan tsaki kuma suna nutsewa a bahon da aka ajiye musu. Talo-talo yana da ƙarfin da zai kashe ƙaramar kaza, amma shi ma yana iya ɗaukar wata cutar hanta daga kaji, wadda ba ta cika kayar da su ba. Zakaru ma in sun yi yawa sukan gaji da juna su gajiyar da kaji. Ɗaya ya ishi kaji takwas zuwa goma.

Bayan wannan sai matsi da yunwa. A wurin kwana, kada a wuce kaji uku ko huɗu a murabba'in mita ɗaya, a kuma gitta sanduna, domin zabi da kaji suna son kwana a sama, agwagi kuma a ƙasa. Gurbi ɗaya ga kowace kaza huɗu ko biyar. Kwanon abinci da na ruwa su zama aƙalla biyu-biyu, a nesa da juna, yadda babba ba za ta iya tsare duka ba. Tsuntsun da ke cin dusa da ragowar tuwo kaɗai yakan fara cin gashin ɗan'uwansa, domin jikinsa na neman abinci mai gina jiki. Garin kifi, ƙuli-ƙuli, gara da ganyen zogale suna cike giɓin, dakakken ɓawon ƙwai kuma yana ƙarfafa na gaba. Damin ganye da aka rataye yana ba su abin sara.

Wadda aka raunata a ware ta nan take, a wanke ciwon da tafasasshen ruwa mai ɗan gishiri bayan ya huce, a shafa aidin, kada a mayar da ita sai ya warke. Mai zalunci ita ma a tsare ta ita kaɗai na ƴan kwanaki. Sau da yawa in ta dawo ta rasa matsayinta. In ta ci gaba, kasuwa ko tukunya ta fi ƙona mata baki da wuƙa mai zafi.

Lokaci mafi hatsari shi ne ranar da mai kwanci ta fito da ƴaƴanta. Ta rame, ta yi mako uku ba ta cikin garke, ga ƴan tsaki da za ta kare daga zabi, muzuru, hankaka da shirwa. Hausawa na cewa kaza mai ƴaƴa ita ke gudun shirwa. A tsare su a babban kwando ko keji na mako huɗu zuwa shida, inda sauran za su gan su ba tare da sun taɓa su ba, da ruwa a kasko marar zurfi mai tsakuwa a ciki. Ƴan zabi sun fi buƙatar wannan, domin sanyi da jiƙewa ke kashe su a makonnin farko.

Wani saran alamar cuta ne

Kaji sukan far wa marar lafiya tun kafin mai su ya gane. Don haka in garke ya juya wa tsuntsu ɗaya baya haka kawai, a duba shi da kyau. Koren zawo, wahalar numfashi da murɗewar wuya suna nuna cutar Niyukasal, wadda ke share akurki musamman lokacin ɗari. Ba ta da magani, amma tana da rigakafi, na allura da na ɗigawa a ido, wanda ake samu wajen likitocin dabbobi, kuma ana maimaita shi bisa shawararsu.

Murar tsuntsaye ma ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan: an tabbatar da nau'in H5N1 karon farko a Magariya, cikin jihar Damagaram, a watan Fabrairun 2006. Agwagi na iya ɗauke da ita ba tare da sun nuna alama sosai ba, abin da ke ƙara wa garken haɗaka hatsari. Duk tsuntsun da aka sayo ko aka kawo tsaraba daga ƙauye, a ware shi aƙalla mako biyu, sannan a sa shi a bayan raga na wasu kwanaki kafin a haɗa. Wannan mataki ɗaya yana rage cuta, yana kuma rage faɗa.

Idan tsuntsaye suka fara mutuwa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, kada a yanka, kada a kai kasuwa, kada yara su taɓa gawar. A sanar da ma'aikatan kiwo na yankin. Ɗakin binciken LABOCEL da ke Yamai shi ke gwajin irin waɗannan cututtuka. Masu neman ƙarin shawara kan kiwo suna iya tuntuɓar ƙungiyar zaurukan manoma ta RECA, wadda ke ba da bayanai cikin Hausa, Zabarmanci da Faransanci.