Daga ɓullowa zuwa dokar ta-ɓaci: asalin kalmar Ingilishi "emerge"

Mutanen Abala sun daɗe suna jin maganar dokar ta-ɓaci a rediyo. A watan Maris na 2017 ne gwamnatin Nijar ta kafa ta a gundumomin Abala, Banibangu, Walam, Ayoru da Bankilare na jihar Tilaberi, da kuma Tasara da Tiliya na jihar Tawa, saboda hare-haren 'yan bindiga a kan iyakar Mali. Da Faransanci ana ce mata "état d'urgence", da Ingilishi kuwa "state of emergency". Ita wannan "emergency" ɗin ta samo tushe ne daga wata kalma mai sauƙin ma'ana, wato "emerge", wadda ke nufin abu ya fito fili har ido ya gan shi.

Asalin kalmar daga Latin ne, harshen Rumawan dā. A can ana cewa "emergere", kalma mai gaɓa biyu: "e", wato waje, da "mergere", wato nutsewa cikin ruwa. Ma'anarta ta farko ke nan, abin da ya nutse ya taso sama, kamar yaron da ya yi nutso a tafki, can sai a ga kansa ya leƙo. Ta shiga Ingilishi a ƙarni na 16. Faransanci ma ya gaje ta a matsayin "émerger", kuma duk wanda ya yi lakwal ya san 'yan uwanta "immerger" da "submerger", masu nufin tsoma abu a ruwa ko ruwa ya shanye shi.

Bahaushe na da tasa kalmar da ta yi daidai da wannan: ɓulla, ko kunno kai. Manomin Kurfai da ya yi shuka bayan ruwan farko ya san hatsinsa na nan ƙarƙashin ƙasa kafin tsiro ya ɓullo. Haka ma mai ginar rijiya a kwarin Dallol Boso, wanda ya ratsa ƙasar Abala da Filinge: ruwan na nan kwance tun kafin ya iske shi. Duk abin da aka ce ya ɓullo, dā ma yana nan, ganinsa ne ba a yi ba.

A ƙarni na 17 ne Turawan Ingila suka ƙero "emergency" daga wannan tushe, suna nufin lamarin da ya taso ba zato kuma yake bukatar mataki nan take. A nan harsunan uku sun rabu. Ingilishi ya dubi yadda abin ya ɓullo. Faransanci ya dubi gaggawarsa, domin "urgence" ta fito daga kalmar Latin mai nufin matsawa. Hausa kuwa ta dubi halin da aka shiga, ta ce ta ɓaci.

Kalmar ba ta tsaya ga masifa kaɗai ba. A 1981 wani masanin tattalin arziki na rukunin Bankin Duniya, Antoine van Agtmael, ya fito da laƙabin "emerging markets" don ƙasashen da arzikinsu ke tasowa. Daga nan shugabannin Afirka da dama suka rungumi kalmar "émergence", kamar yadda Senegal ta yi a 2014 da shirinta na Plan Sénégal Émergent. Likitoci su ma suna amfani da ita ga cututtukan da ke ɓulla, irin zazzaɓin Rift Valley da ya kama dabbobi da makiyaya a yankin Cintabaraden da Tasara a 2016.

Ga mutanen Abala, tarihin kalmar ya yi daidai da abin da suka gani da idonsu. Tun 2012 dubban 'yan gudun hijira daga arewacin Mali suka sauka a sansanin da aka buɗe musu a garin, shekara biyar kafin a kafa dokar ta-ɓaci. Ranar da aka yi shelar dokar a Yamai, matsalar ta daɗe da kunno kai a bakin iyaka.